Yadda Fentin Hukuma Ya Zaunar da Ni a Ƙofar Gidan Surukai

Ranar da na fi kowace rana a duniya buƙatar mutunci, ranar aka sa wa motata mari a taya. Na ce motata, ku yi min uzuri, ta Yayana ce. Sai da na yi kwana uku ina wanke masa ita ba tare da ya sa ni ba kafin ya gane inda na dosa, ya miƙo min mukulli yana cewa in na dawo masa da ita da ƙwarzane ko ɗaya, to in nemi wani yayan. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara, amma ni a lokacin gani nake an yi wannan karin maganar ne don waɗanda ba su karanta littattafai ba.

Inda zan je kuwa ba ƙaramin wuri ba ne. Wajen mahaifin yarinyar da nake so zan je, karo na farko. Ba zan faɗi sunanta ba, domin ta gargaɗe ni cewa duk ranar da ta ga sunanta a wannan fili nawa na jarida, in ɗauka mun yi sallama. Mu kira ta Mutuniyar. Malamar lissafi ce a sakandare, shi ya sa in na kwana biyu ina tsara mata baiti takwas na soyayya, amsar da nake samu ita ce na ukun ya fi sauran tsawo. Shekara guda da rabi ina fama kafin ta ce Baba ya ce in zo ranar Asabar da hantsi.

Gidansu yana kan babban titin nan mai hannu biyu da bishiyoyi a tsakiya, wanda farkonsa shaguna ne, daga nan kuma sai gidajen mutane a jere. Ina isowa sai ga wani gurbi da aka zana da rawayan fenti daidai bakin get ɗinsu, fes, babu kowa a ciki, har da lamba sha bakwai a tsakiyarsa. Zuciyata ta ce wannan alama ce. A littattafan da na yi kuruciya a kansu, in jarumi ya iso ƙofar masoyiyarsa ya tarar da hanya a buɗe, to ƙaddara ce ta share masa. Na shige cikin layukan nan daidai wa daida kamar da ni aka auna, na gyara wuyan riga a madubi, na yi sallama.

Baba tsohon ma'aikacin awon filaye ne da ya yi ritaya. Falonsa ma ya nuna haka: taswirori a nannaɗe cikin wani dogon kwando a lungu, tef ɗin awo a kan tebur kusa da gilashinsa, hotuna uku a bango da za ka rantse da ma'auni aka jera su. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa, ya tambayi iyayena, ya tambayi aikina. Na ce ina ɗan rubutu a jarida. Ya ce ya sani. Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wani koren fayil, ya zaro takarda guda da aka yanko da almakashi, ya miƙo min, ya ce idonsa ya yi rauni, in taimaka in karanta masa.

To masu karatu, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Wata huɗu da suka wuce, lokacin da hukumar gari ta fito da tsarin ba 'yan kasuwa lasisin guraben ajiye mota a manyan tituna, ni ne nan na rubuta sharhi a wannan fili mai taken "Birninmu Ya Sa Kwalli". Wasunku har saƙo suka turo min suna tambaya ko lafiyata ƙalau. An gayyace mu wajen ƙaddamarwa a wani ɗaki mai sanyi, aka ba mu shayi da biro mai tambari, shugaban tsarin, wanda zan kira Mai Girma Uban Fenti, Allah ya ƙara wa burushinsa albarka, ya nuna mana hotunan biranen ƙasashen waje a bango. Ni da tun ina ƙarami nake karanta labaran biranen da masoya ke tafiya a ƙarƙashin bishiyoyi motoci na jere kamar haƙoran mataji, sai ƙwalla ta cika min ido. Na koma gida na rubuta abin da na rubuta. Ƙafata ba ta taka titi ko ɗaya daga cikin waɗanda aka shafa wa fentin ba.

Haka na tsaya a gaban Baba ina karanta kaina da bakina. Na karanta inda na ce rawayan layukan nan kamar kitso ne a kan amarya. Na karanta inda na ce wanda duk ya ƙi wannan tsari, ƙauyanci ne bai gama sakin sa ba. A nan Baba ya ɗaga yatsa ya ce in maimaita wannan layin, bai ji sosai ba. Na maimaita. Ashe wanzami ba ya son jarfa.

Ina tsakiyar sakin layi na huɗu, inda na kira masu fenti da mawaƙan kwalta, sai aka fara danna ham a waje ba ƙaƙƙautawa. Labule ya motsa, Mutuniyar ta leƙo, ba ta ko dubi inda nake ba.

"Baba, motar da ke waje ta baƙonka ce? An ɗaure ta."

A waje muka tarar da a-kori-kura shaƙe da katifu ta tsaya a tsakiyar titi, da ma'aikata biyu masu riga mai ƙyalli, ɗaya yana kulle wani jan ƙarfe a tayar motar Yaya, ɗayan yana rubutu. Mai a-kori-kurar, wani kakkauran mutum mai fara'a da kowa a layin ke kira Mai Katifa, ya gaishe da Baba da ladabi, sannan ya juyo ya ba ni haƙuri. Ya ce ba shi ya kira su ba, suna zagaye ne, amma gurbi na sha bakwai nasa ne, ga lasisinsa a manne a gilashi. Kai kaya ya je, shi ya sa na tarar da wurin babu kowa. Ƙaddarar da ta share min hanya ke nan.

Shagon Mai Katifa yana can farkon titi, gida tara tsakaninsa da gidan Baba. Da na tambayi yadda aka yi gurbinsa ya faɗo ƙofar gidan mutane, shi da Baba suka dubi juna kamar waɗanda suka gaji da ba da labari ɗaya. Ashe ranar da masu fenti suka zo, gaban shaguna cike yake da motoci, su kuma an ce musu lallai su zana gurbi arba'in kafin la'asar domin Mai Girma zai zo dubawa. Sai suka bi inda suka samu fili suka shafa. Ina ne kuwa fili yake a titi da rana tsaka in ban da ƙofar gida, inda kowa ke bari a buɗe don mai gida ya shiga ya fita? Daga baya aka raba guraben ga masu shaguna bisa lamba. Tun daga ranar, in Baba zai fito da motarsa daga gidan da ya gina da guminsa, sai ya taka gida tara ya roƙi Mai Katifa ya zo ya matsar da tasa. In an yi rashin sa'a ya tafi cin abinci da mukulli a aljihu, sai jira.

Da abin ya tsaya a nan, da da sauƙi. Mama, mahaifiyar Mutuniyar, tana fama da gwiwa, kuma duk Talata da Asabar Baba ke kai ta asibiti a gasa mata. Ranar kuwa ƙarfe sha biyu ne lokacinta. Mai Katifa dai ana roƙonsa ya matsa, amma motar da aka sa wa mari ba ta jin roƙo, masu riga mai ƙyalli kuma suka ce mukullin marin yana hannun wani da ya tafi wani titin. Ina tsaye ina kallo Mama ta fito ta ƙaramar ƙofa, hannu ɗaya a kafaɗar 'yarta, ɗaya a kan sanda, ta raɓa ta jikin motar Yayana, ta taka a hankali har bakin mahaɗa inda ake samun tasi. Da ta zo daidai ni har ta tsaya ta ce sannu da zuwa, ɗana. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya karɓi takardar jaridar da har lokacin take hannuna, ya ninke ta a kan tsohon ninkinta.

"Ranar da na fito da motata daga gidana ban roƙi kowa ba, ka dawo mu yi maganar da ta kawo ka."

Abin da aka yi kafin a kwance marin, da abin da Yaya ya faɗa da yamma, ba na jarida ba ne. Maƙwabcina tela, wanda duk abin da na rubuta sai ya karanta don ya samu abin tsokana, ya ji labarin kafin in iso gida. Ya leƙo ta tagar shagonsa da allura a baki ya ce yaya amarya mai kitso, ya ji an ce ta kama ango ta ɗaure. Na ce masa mutum yana kuskure. Ya ce haka ne, amma yawancin mutane in sun yi nasu ba sa buga shi kwafi dubu. Ya ƙara da cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ya koma kan kekensa.

Ranar Litinin na saka rigar da ta fi kowace kama da ta mutanen kirki na nufi ofishin masu gurabu. Dole in yaba musu, gaskiya ɗaya ce. Ban taɓa ganin ma'aikata masu son junansu kamar waɗannan ba: kowa ka je wajensa sai ya tura ka wajen ɗan'uwansa, don kada ya ci ladan taimakonka shi kaɗai. A bene na biyu akwai hoton Mai Girma Uban Fenti da tawagarsa ta mutum goma sha huɗu, lokacin da suka tafi ƙasar waje mako uku don koyon yadda ake zana layi. Ba a banza suka je ba. Layukan sun miƙe sosai. Inda aka zana su ne kawai ba ya cikin manhajar.

Kwana na uku na isa gaban wanda ya dace, wani siririn dattijo da ke zaune tsakanin tulin fayiloli biyu, hatimi a dama, kofin shayi a hagu. Zan kira shi Ranka-ya-daɗe Mai Hatimi. Na zuba masa jawabin da na kwana biyu ina shiryawa, na kawo maganar haƙƙin maƙwabtaka, da darajar tsufa, da gwiwar Mama. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya jawo fom ya juyo min da shi, ya ce in nuna masa layin da aka rubuta mazaunin gida. Na duba sama da ƙasa. Akwai sunan sana'a, irin sana'a, adireshin sana'a, har da launin allon sana'a. Ya ce to ka gani, gida ba sana'a ba ne. Gurbi kuma in an zana shi ya zama dukiyar hukuma, goge shi sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuma ana jiran a naɗa shi.

Na miƙe zan tafi, ban san fuskata ta nuna me ba, sai ya ce in zauna. Ya rage murya ya ce akwai wani sashe a dokar da ba kowa ke karantawa ba: in sana'a biyu suka nemi gurbi ɗaya, wadda ƙofarta ta fi kusa da shi ita ke da haƙƙi. Da a ce akwai wata sana'a a jikin get ɗin gidan, ko ta ƙwayar tebur ɗaya ce, da Mai Katifa bai isa ba. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai me ka iya?"

Na ce rubutu.

"To ai ana neman masu rubuta wa mutane wasiƙa da takardar koke. Sana'a ce, tana lamba ta talatin da biyu."

Ni da nake mafarkin wata rana a sa sunana a bangon littafi da ruwan zinare, sai ga shi za a sa shi a allon katako. Na fito ina jin kamar an sauke ni daga doki an ɗora ni a kan jaki. Na kira Mutuniyar ina sa ran ta tausaya min. Na ji alamar tana lissafi, sannan ta ce akwai tsohon tebur a ɗakin ajiyarsu, ƙafa ɗaya ce kawai ke rawa.

Cikin takardun da ake buƙata har da amincewar mai gida. Mutuniyar ce ta shigar da ita, ta fito min da ita bayan kwana biyu. A ƙasa, da kyakkyawan rubutun mutanen da, Baba ya sa: "Na amince." Na tsaya a bakin titi ina kallon kalmomin nan biyu har idona ya yi ruwa. Shekara guda da rabi ina jiran su daga hannun wannan bawan Allah. Mutuniyar ta ce in share fuska, tebur ya amince wa, ba ni ba.

Aka zo awo. Ma'aikacin da aka turo ya manta tef, sai Baba ya fito da nasa ya auna da kansa, daga ƙafar teburina zuwa layin fenti taku biyu, daga ƙofar Mai Katifa kuwa sai da tef ya ƙare sau uku. Gurbi na sha bakwai ya zama nawa. Mai Katifa bai yi fushi ba, ya ce shi ma ya gaji da kunyar dattijo. Hukuma cikin adalcinta ta mayar da shi gurbi na sha takwas, wato ƙofar gidan wata tsohuwar nas da ke maƙwabtaka da su Baba. Ita ce ta fara zama a bencina. Ta ce ta ji an ce ina rubuta takardar koke, to in rubuta mata a kan wani mara kunya da ya turo mata motar katifu ƙofar gida. Na rubuta, kuma ba yabon kai ba, ta yi kyau. Da na gaya mata sirrin sashen nan na doka, cikin mako guda ta kafa allon gwajin hawan jini. Na gaba da ita, tsohon direban jirgin ƙasa, ya zama mai gyaran lema, duk da lemar gidansa ma a karye take. Yanzu haka Mai Katifa ya kai gurbi na ashirin da uku, kullum yana ƙara nisa da shagonsa, kuma in ya wuce yakan ɗago min hannu ya ce Malam Marubuci, ka kusa fitar da ni daga gari. Titin da dattawa suka zaɓa don su huta a ƙarshen rayuwa ya zama, a takarda, kasuwa mafi albarka a birnin. Na ji an ce Mai Girma ya ambace shi a wani taro a matsayin shaidar bunƙasar ƙananan sana'o'i.

Na ɗauka an gama. Get a buɗe, gurbi babu kowa, Baba yana fita yana shiga, Mama ta je gashi sau biyu a motar gida. Har na fara gogar riga don komawa falo. Ana wata ga wata.

Ranar Alhamis wata mata mai rigar hukuma da babban littafi a hammata ta tsaya a gaban teburina. Ita ce Mai Rangadi, aikinta tabbatar da cewa duk sana'ar da aka ba gurbi tana raye. Ta duba allona, ta girgiza teburin ta ga yana rawa, ta duba gurbin, sannan ta tambaye ni ina motar. Na ce wace mota. Ta ce gurbi na motar abokin ciniki ne, hukuma ba ta zana shi don iska ta sha iska ba. Duk gurbin da ta zo sau uku ta tarar babu mota, za a karɓe a ba mai buƙata, masu buƙata kuma suna nan a layi, ciki har da wani mai sayar da tankunan ruwa da ke da babbar mota. Ta rubuta ɗaya a littafinta. Na tambaye ta wace rana take zuwa. Ta ce da ana faɗa ai da ba a kira shi rangadi ba, amma ba ta wuce tsakanin goma da sha biyu.

Wanda zai zo a rubuta masa wasiƙa a bakin titi ba da mota yake zuwa ba, wannan kowa ya sani in ban da wanda ya tsara dokar. Na je wa Yaya da maganar, bai bari na kai ƙarshe ba ya nuna min ƙofa. Tela ya ce zai ara min kekensa na ɗinki in ana karɓa. Mota ɗaya ce ta rage a duniya, tana bayan get, taku biyar daga inda nake zaune. Da Mai Rangadi ta zo karo na biyu ta rubuta biyu, na tambaye ta ko motar mai gida za ta wadatar. Ta ce motar mai gida a gurbin kasuwanci laifi ne, mari za a sa mata. Sai fa in mai gidan abokin ciniki ne, ta gan shi da idonta a zaune ana yi masa aiki.

Ban san yadda Mutuniyar da Mama suka yi da Baba ba. Abin da na sani shi ne washegari ƙarfe goma saura minti biyar get ya buɗe, tsohuwar farar motarsa ta fito a hankali, ta yi tafiyar da ba ta fi tsawon tabarma biyu ba, ta tsaya a tsakiyar rawayan layuka. Baba ya fito sanye da kayan fita har da hula, ya kulle motar, ya zagayo ya zauna a bencina. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce in tashi, mai sana'a ba ya durƙusa wa abokin ciniki, in ɗauki biro.

Haka muka yi mako biyar. Edita ya ɗauka ciwo nake, na bar shi a haka. Kullum in ba ranar asibiti ba, daga goma zuwa sha biyu, Baba yana faɗa ina rubutawa. Mun rubuta wa masu ruwa a kan famfon da ke tari ba ya kawo komai. Mun rubuta wa masu kwashe shara. Da hukumomi suka ƙare, muka koma kan abokan aikinsa na da, waɗanda ya yi shekara ashirin bai nema ba, har biyu suka amso, ɗaya kuma ɗansa ne ya amso cewa ya rasu bara. Ranar Baba bai ce a rubuta komai ba, muka zauna kawai muna kallon motoci, ni ma na yi shiru, wanda a wajena ba ƙaramin aiki ba ne. Ba ya yarda da ado a magana. In na sa "cikin matuƙar girmamawa da ƙanƙan da kai", sai ya ce in cire, in bar "bayan gaisuwa". Ya ce jimla kamar fili take, in ba ka san iyakarta ba za ka shiga gonar wani. Wata rana ya fito da guntun katako ya gyara ƙafar teburin da kansa. Mai Rangadi ta zo sau huɗu, kullum ta tarar da mota da abokin ciniki, har ta ce a duk titin babu sana'ar da ta kai tawa riƙe kwastoma.

Maganar da ta kawo ni kuwa, ko da wasa ban tayar ba. Na riga na koyi cewa baki shi ke yanka wuya. Ni a lissafina sharaɗi ya cika, tunda Baba yana fitowa ba ya roƙon kowa. Mutuniyar ta ce a lissafinta bai cika ba, domin mutumin da aka wajabta wa zaman benci awa biyu kafin a bar masa ƙofarsa, ba za a ce ya samu 'yanci ba, canjin mai gadi kawai aka yi masa. Na kwana da wannan magana a raina, na fara tunanin ko haka zan tsufa a bakin get ɗin nan, in zama kamar bishiyoyin tsakiyar titi.

Ranar Larabar da ta wuce Baba ya zauna kamar kullum, ya cire gilashi ya goge, ya ce yau wasiƙar gajeriya ce, in samo takarda mai kyau. Na gyara zama.

"Rubuta. Zuwa ga mahaifin mai teburin da ke ƙofar gidana. Bayan gaisuwa."

Biro ya tsaya a hannuna. Ya ce ko ban ji ba ne. Na ce na ji.

"Ɗanka yana da surutu a takarda, kuma yana yabon abin da bai gani ba. Amma ya ɓata abu ya tsaya ya gyara, rana ta doke shi mako biyar bai gudu ba. Na auna shi, ya yi. In kun shirya, ku zo mu zauna."

Ku da kuka san ni kun san abin da ya biyo baya. Hawaye ya ɗiga a kan "bayan gaisuwa", tawada ta baje. Baba ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce ba zai aika wa mutumin kirki wannan ƙazanta ba, in sake sabuwa. Sai a ta uku takardar ta fito fes. Ya sa hannu, ya ninke, ya ba ni, ya ce tunda na san gidan in kai da kaina. Daga nan ya dubi agogo ya ce saura minti arba'in sha biyu ta yi, kada in ga an yi haka in ɗauka an tashi aiki, akwai ta masu gyaran fitilun titi da ba mu ƙarasa ba. Ta saman get na hango gefen mayafin Mutuniyar. Daga baya ta ce min ba kuka take ba, ƙura ce.

Don haka ina miƙa godiya ta musamman ga Mai Girma Uban Fenti, wanda ya yi niyyar tsara motoci Allah ya sa ya tsara aure. Wannan karon na taka titin da ƙafata kafin in yaba. Sanarwa ɗaya ce ta rage ga 'yan'uwa da abokan arziki: na tambayi Mai Rangadi yadda za a yi da motocin baƙi ranar biki, ta ce doka ba ta san biki ba. Saboda haka duk mai niyyar zuwa da mota ya taho da wasiƙar da za a rubuta masa, kuma ku yi haƙuri ku bi layi, ango ɗaya ne, biro ɗaya.